Ƙyanda ta kama jaririyata kafin lokacin allurarta: a tilasta wa iyaye ko a lallashe su?

Maman Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga gefen gadon asibiti nake rubuto muku, yau kwananmu huɗu. Auta ce, watanta bakwai, ƙyanda ta kama ta. Da zazzaɓi ta fara da tari da majina, idanunta suka yi jawur suna ta zubar da ruwa, muka ɗauka mura ce. A kwana na huɗu ƙuraje suka feso mata daga bayan kunne, suka gangaro fuska da ƙirji, daga nan numfashinta ya fara yin sama-sama. Likita ya ce abin ya taɓa mata huhu.

Abin da ke ci mini rai, ba sakaci na yi ba. Duk allurar da ta dace da watanninta an yi mata. Ta ƙyanda sai ta cika wata tara, saura mata wata biyu kacal. A gidan renon da nake ajiye ta in zan tafi aiki ta kwaso, wurin wani yaro ɗan shekara uku da iyayensa suka ƙi yi masa allura da gangan. Shi ya yi kwana biyar a kwance ya miƙe, tawa ce ke shan iskar roba a hanci.

Ni dai ra'ayina ɗaya ne yanzu: a kafa doka, duk wanda ya ƙi yi wa ɗansa rigakafi kada a karɓi yaron a gidan reno ko makaranta. In fushi ne ke magana da bakina ku gaya mini.

Uwar Biyu:
Subhanallah. Allah ya ba Auta lafiya, ya sa kaffara ce. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, wallahi jikina duk ya yi sanyi.

Hajiya Kaka:
Sannu 'yata, Allah ya tashi kafaɗarta. Ku yaran yanzu ba ku san ƙyanda ba, sunanta kuka sani. Ni na ga shekarar da ta shiga gidanmu ta kwantar da yara biyar a mako ɗaya. Ƙanena bai tashi ba. Wata 'yar ƙanwar babanmu ta tashi, amma idonta ɗaya bai ƙara gani ba har ta tsufa. Da a lokacin an ce ga allurar da za ta hana, da uwarmu ta yi tafiyar kwana biyu a ƙasa don ta same ta. Ina bayanki a kan dokar nan.

Baban Uku:
Allah ya ba ta lafiya, Maman Auta, kuma ina tausaya miki har zuciyata. Amma zan faɗi abin da na san ba zai yi wa da yawa daɗi ba, don ni ma ina cikin waɗanda za ki sa a kora. Manyan 'ya'yana biyu an yi musu komai. Na ukun, da aka yi masa wata allura yana ɗan wata uku da rabi, cinyarsa ta kumbura ta tara ruwa, sai da aka tsaga. Uwarsa ta koma wurin da aka yi masa ta tambayi me ya faru, aka daka mata tsawa a gaban mutane, aka ce ita ce ba ta iya tsabtar yaro ba. Babu wanda ya zauna ya yi mana bayani. Tun daga ranar na ce an gama. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Yanzu kuma sai a ce hukuma ta hana ɗana karatu saboda na tsorata da abin da na gani da idona?

Maman Auta:
Baban Uku, tsoronka ya tsaya a gidanka? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan 'yata ruwan ya doka, ita da ba a yi shawara da ita ba.

Anti Nas:
Ku ɗan dakata, kowannenku yana da gaskiya a wani wuri. Shekara talatin na yi ina wannan aikin kafin na ajiye shi.

Baban Uku, abin da ya sami ɗanka yana faruwa, kuma sau da yawa daga hannun mai yin allurar ne: ko an taɓa tsinin allurar, ko ba a kula da tsabtar kwalbar ba, ko ba a soka a inda ya kamata ba. Hakkinku ne a ce muku haka, a rubuta rahoto, a duba yaron. Wadda ta yi wa matarka tsawa ta yi ɓarnar da ta fi ƙurjin, don ƙurji ya warke, amincewa kuwa har yau ba ta dawo ba.

Amma ka san irin cutar da ka bar wa ƙofa a buɗe. A cikin cututtukan da ke yaɗuwa tsakanin mutane, da wuya ka sami mai saurin ƙyanda. Mutum ɗaya yana iya sa wa 12 zuwa 18 a cikin waɗanda ba su da kariya. Ƙwayar cutar tana iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Kuma yaro yana fara rarraba ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce. Shi ya sa maganar "in ya kamu zan tsare shi a gida" ba ta aiki, kafin ka gane ya riga ya raba. Allura ɗaya tana kare kusan 93 cikin 100, biyu kuma kusan 97. Jarirai irin Auta da ba su kai lokaci ba, da yaran da ake yi wa maganin daji, ba su da wata katanga sai allurar yaran da ke kewaye da su. Sai kusan 95 cikin 100 sun samu sannan cutar ke rasa hanyar wucewa.

Mai Bin Labarai:
To Anti, maganar galahanga fa, wadda Turawa ke kira autism? Akwai bidiyon da ke ta yawo, har da manyan mutane a Amurka suna cewa allurar nan na jawo ta. Ba gardama nake ba, tambaya ce.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya, bari in karɓi wannan don mun karanta tarihinta. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar Lancet a kan yara 12 kawai, yana nuna kamar allurar da ta haɗa ƙyanda da hangum da rubela (wata cuta mai ƙuraje kamar ƙyanda) tana da alaƙa da galahanga. Daga baya bincike ya tono cewa an jirkita bayanan yaran, kuma ya karɓi kuɗi daga lauyoyin da ke shirin kai masu yin allurar ƙara, bai bayyana ba. A 2010 mujallar ta janye rahoton, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya. A 2019 masu bincike a Denmak suka fitar da sakamakon bin diddigin yara sama da 650,000, ba su ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba.

Abin da ya sa zancen ya ƙi mutuwa, alamun galahanga sukan fara bayyana ne tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu, daidai lokacin da ake yawan yin allurar. Uwa ta ga wannan ya biyo bayan wancan, dole zuciyarta ta ɗaura su. Ba wauta ba ce, neman dalili ne.

Mai Bin Labarai:
Yara 12 da yara 650,000. To na ji. Amma me ya sa ba a taɓa gaya mana haka a wurin awo ba, sai dai a ce "kawo hannun yaro"?

Malam Mai Alli:
Wannan tambayar taka ita ce gaba ɗaya muhawarar. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don maganar tilastawa ba yau aka fara ta ba.

Ingila ta wajabta rigakafin agana ga jarirai tun 1853, daga baya aka tsaurara, ana cin tarar iyaye, wanda ya kasa biya a ɗaure shi. Talakawa ne suka fi shan wuya, domin mai hali yana biya ya wuce. Abin ya haifar da ƙungiyoyin adawa, har a 1885 dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Lesta. A 1898 sai da majalisa ta buɗe ƙofa ga wanda ya ce zuciyarsa ba ta yarda ba. Agana dai an kawar da ita daga duniya, an yi shela a 1980, amma abin da ya ƙarasa ta a ƙarshe shi ne bin gida-gida ana neman mai ciwo a yi wa duk na kusa da shi allura.

A zamaninmu kuma Italiya ta kafa doka a 2017, Faransa ta ƙara alluran dole daga 3 zuwa 11 a 2018, Jamus ta wajabta ta ƙyanda ga yaran makaranta da gidajen reno a watan Maris na 2020. Ostireliya ta bi ta aljihu, tun 2016 wanda ya ƙi yi wa ɗansa yana rasa wani ɓangare na tallafin yara. A Italiya da Faransa adadin waɗanda ake yi wa ya ƙaru bayan dokar, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ku lura, waɗannan ƙasashe ne da allurar ke nan kusa da kowa, kullum, ba ta yankewa. Doka a can tana farkar da mai jinkiri ne. In ka ɗauki irinta ka ɗora a inda uwa za ta je sau uku a ce mata "ta ƙare, dawo wani makon", ka hukunta wadda aka zalunta.

Maman Auta:
Malam, iyayen yaron nan ba rashi ne ya hana su ba. Suna da mota, suna da ilimi. Mai gidan renon ta nemi katinsa sau biyu suka ce ra'ayinsu ne.

Mai Gidan Reno:
Ba ni ce mai wancan gidan ba, amma sana'ata ke nan, kuma tun da na karanta saƙonki ban samu sukuni ba. Gaskiyar magana, mu ma muna tsakiya. In na ce sai da kati, uwar yaro ta ɗauke shi ta kai gidan gaba inda ba a tambaya, ni na rasa, cutar kuma ba ta ragu ba, ta dai canza ɗaki. Da akwai ƙa'ida ɗaya a kan kowa, da na samu abin jingina, in ce "ba ni ba ce, doka ce". A ɗakina akwai jarirai shida da ba su kai wata tara ba. Gobe da safe zan bi katin kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ji haushi ya ji.

Uwar Biyu:
Wannan shi ne daidai. Makarantar manya wata magana ce daban, amma ɗakin da ake kwantar da jarirai bai kamata a yi sassauci ba.

Ɗalibar Likitanci:
Akwai labarin da nake so Baban Uku da Maman Auta su ji tare, don ya taɓa su duka. Samowa ƙasa ce ta tsibirai a tekun Fasifik, mutanenta kusan 200,000. A watan Yuli na 2018 jarirai biyu suka rasu jim kaɗan bayan an yi musu allurar ƙyanda. Da aka bincika, ba allurar ba ce: ma'aikatan jinya biyu ne suka dama garin maganin da wani maganin kashe tsoka da ya lalace, maimakon ruwan da aka tanada. An ɗaure su. Amma gwamnati ta dakatar da shirin rigakafin tsawon watanni, iyaye suka tsorata, masu yaɗa jita-jita suka samu fili, adadin jariran da ake yi wa ya faɗo zuwa kusan ɗaya cikin uku. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shigo. Sama da mutum 5,700 suka kamu, 83 suka rasu, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Sai da aka rufe ma'aikatun gwamnati na kwana biyu a watan Disamba, aka ce duk gidan da ke da wanda ba a yi wa ba ya rataya jan ƙyalle a ƙofa, ma'aikata suka bi gida-gida.

Baban Uku:
Kin gani ko? Kuskuren ma'aikata ne ya fara, ba taurin kan iyaye ba.

Maman Auta:
Ni kuma abin da na gani, yara da yawa sun tafi saboda an bar tsoro ya yi hukunci. Kuma a ƙarshe sai da aka tilasta ɗin dai.

Anti Nas:
Duk biyun suna cikin labarin. Iyayen can tsoronsu yana da tushe, kamar naka Baban Uku, amma ƙyanda ba ta tambayi dalilin kowa ba da ta zo.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: ƙyanda ba ta tafiya ita kaɗai. Tana goge wani ɓangare na abin da garkuwar jiki ta riga ta koya game da wasu cututtuka, sai yaro ya warke amma ya yi watanni yana kwasar gudawa da ciwon huhu. Tana kuma zuƙe sinadarin bitamin A, daga nan makantar da Hajiya ta ba da labari ke fitowa. Maman Auta, ki tabbata an ba ta bitamin A sau biyu, kwana biyu a jere. Ki ci gaba da ba ta nono ko kaɗan-kaɗan ne, kuma kada a ɗiga mata komai a ido sai abin da likita ya rubuta.

Maman Auta:
An ba ta, Anti, ranar da muka zo da washegari. Na gode.

Mai Bin Labarai:
Ni abin da ke damuna, muna ta faɗa da junanmu, masu riƙe da asusu suna gefe. A ranar 20 ga Janairun 2025 Donald Trump ya sa hannu a kan fitar da Amurka daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Bayan 'yan watanni sakataren lafiyarsa ya ce sun daina ba Gavi kuɗi, ƙawancen da tun 2000 ke taimaka wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi sayen alluran yara. A shekarar ce kuma ƙyanda ta ɓarke a jihar Tekzas har yara biyu suka rasu, a ƙasar da ta yi shelar kawar da cutar tun 2000. Wannan duk siyasa ce, kuma jarirai ne ke biyan bashin.

Malam Mai Alli:
Haka ne, amma kada mu ɗora komai a kan baƙo. Gwamnatin da ta bar lafiyar jariranta a hannun kyautar wata ƙasa ta san ranar yankewa za ta zo. Matsalar rigakafi a wurin ɗan siyasa ita ce ba ta da hoto. Ginin asibiti ana yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto, amma firjin da ke riƙe allura tsakanin digiri 2 zuwa 8, da man babur ɗin da zai kai ta nesa, da albashin mai yin ta, babu wanda ke tafa musu. Yaron da bai kamu ba kuma ba ya shiga labarai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce ƙyanda ta kashe kusan mutum 107,500, yawancinsu ƙananan yara, kuma a shekarar yara miliyan 14.5 ne ba su samu ko allurar farko ta jarirai ba. Da yawansu suna wuraren yaƙi ne ko inda asibiti ya yi nisa. Ba su ƙi ba, ba a kai musu ba. In za a yi doka, ni a ganina ta fara hawa kan hukuma: ranar da uwa ta zo ba ta samu ba, wani ya amsa tambaya.

Hajiya Kaka:
Malam ka yi gaskiya, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hukuma ta gyaru, jaririn da ke kwance yau fa? Wanda allura ke kusa da shi ya je ya yi, ya bar jiran gyaran duniya.

Shugaban Zaure:
Na goge saƙonni biyu da suka zagi iyayen wancan yaron. A yi muhawara, ban da zagi. Su ma ɗansu ya kwanta.

Maman Auta:
Na yarda da gogewar. Ɗazu uwar yaron ta kira ni tana kuka, ta ce ba ta taɓa tunanin abin zai kai ga wani ba, ita a zatonta kanta da ɗanta kawai ta yanke wa hukunci. Ban iya ce mata komai ba. Har yanzu ina kan bakana game da gidajen reno, babu kati babu shiga. Maganar korar yaro daga makaranta kuwa, bayan abin da Malam ya faɗa, na ɗan ja baya. Yaron bai yi laifi ba.

Baban Uku:
Anti Nas, tambaya gare ki. Yaron nan yanzu shekararsa biyu da wata huɗu. Lokaci bai wuce ba? Kuma in na kai shi, ta yaya zan san ba za a maimaita mana abin da ya faru ba?

Anti Nas:
Bai wuce ba ko kaɗan. Ka je da katinsa, ba sai an sake daga farko ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ta ƙyanda za a yi masa ɗaya yanzu, ta biyu bayan aƙalla mako huɗu. Ka je da kanka, kada ka tura uwarsa ita kaɗai tunda ita aka yi wa tsawa. Ka gaya musu abin da ya faru a baya tun kafin a fara. Kana da ikon ka ce a nuna maka kwalbar ka ga ranar lalacewarta, ka ga an fasa sabon sirinji a gabanka. Ta ƙyanda gari ce, da ruwanta na musamman ake dama ta, kuma in an dama ba ta wuce awa shida, don haka ka tambayi yaushe aka haɗa. Bayan an yi ku zauna kamar rabin awa kafin ku tafi. Wasu yaran sukan yi ɗan zazzaɓi ko 'yan ƙuraje bayan mako ɗaya zuwa kwana 12, yana wucewa da kansa, na gaya maka tun yanzu don kada ya zo maka a ba-zata. In wanda ka tarar ya ƙi amsa maka waɗannan tambayoyin, ka nemi shugaban wurin.

Baban Uku:
Zan yi magana da uwarsa yau da dare. Ita ce ta riƙe shi lokacin da aka tsaga ƙurjin, ba zan yanke ni kaɗai ba.

Maman Auta:
Yanzun nan aka cire mata robar hanci, likita ya ce za su duba ta zuwa safe a haka. Ta buɗe ido ta kama nono, ta sha kamar minti biyar ta yi barci. Anti, tunda ta riga ta yi cutar, sai an yi mata allurar kuma in ta cika wata tara?

Anti Nas:
Alhamdulillah. E, ki kai ta in ta murmure sosai. Ba ta da illa ga wanda ya taɓa yin cutar, kuma a wurare da yawa a haɗe take da ta rubela, wadda ita Auta ba ta da kariyarta tukuna. Ki tambayi likitan ranar da ya ga ta dace kafin a sallame ku, ya rubuta miki a katin.